Ta Gaba Ba Ta Waiwaye

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Wannan amsa ce ko hamma? Kai Tanimu, maigidana, tuwon mutum biyu ka tayar ɗazu, amma muryarka ta fi ta kowa mutuwa. Ke Balaraba, janye zanenki daga bakin wuta. Na ce ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Yauwa, yanzu na ji mutane. Amma in gaya muku tun da wuri, ta yau babu dariya a cikinta. Mai neman dariya ya tashi ya je ya kwanta.

An yi wata tururuwa, sunanta Dela. Ita da danginta suna zaune a wani rami cikin kwari, a gefen gonar gero. Dela ta haihu ta haihu, amma ba ta ga girman ko ɗaya ba. Na fari kaza ta tsince shi a ƙofar gida. Na biyu jaki ya taka shi, jakin bai ma san ya yi ba. Na uku ya fita neman abinci da safe, har yau ba a ga dawowarsa ba. Da ta haifi ta ƙarshe, mace, sai ta ce, "Ya Allah, bar mani wannan." Sunan ya bi yarinya, kowa yana kiranta Barmani.

To, kun san tururuwa tana da ido, amma idon na ado ne, ban da duhu da haske ba abin da yake rabewa. Abin da take gani da shi, 'yan siraran ƙahonin nan biyu ne da ke goshinta. Da su take laluba ƙasa, da su take shanshana hanya, da su take gane ɗan gida da baƙo. Na hagu ya ce mata ga hanya nan, na dama ya ce a'a, ga ta nan, sai ta bi tsakiya ta miƙe ɗoɗar.

Suna kuma da wata al'ada in za su yi ƙaura. Bibbiyu suke tafiya. Wadda ta san hanya tana gaba, ƙahoninta a ƙasa, tana bin ƙanshin sawun waɗanda suka riga ta. Wadda ba ta sani ba tana baya, da kaya a baki, tana taɓa ƙafafun ta gaba da nata ƙahonin. Muddin ana taɓawa, ana tafiya. In taɓi ya yanke, ta gaba ta tsaya cak ta jira, amma ba ta juyawa, don in ta ɗauke ƙaho daga ƙasa ƙanshin hanya yana iya kuɓuce mata, su ɓata su biyun. Shi ya sa suke cewa: ta gaba ba ta waiwaye, ta baya ba ta sakin taɓi.

Ita kuwa Dela, waiwaye ya zama mata ciwo. Ko ƙofar rami Barmani ta leƙa ta dawo, sai uwar ta shafa ta tun daga kai har ƙafa, ta ƙirga ƙafafun ta tabbata shida ne. Matan gida suka sa mata suna Dela Mai Waiwaye, in ta wuce su yi ta ƙus-ƙus. Ni ban ga laifinta ba. Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya gudu.

Ana nan, damina ta yi nauyi. Wani ruwa ya sauka har ya leƙa ɗakin da suke ajiye ƙwai. Magajiya, babbar gidan, ta ce zama ya ƙare, kowa ya kwashe nasa, a koma kan tudu, gindin wata aduwa, inda aka haƙa sabon rami a ƙarƙashin saiwa. Tun da safe ake tafiya bibbiyu. Dela ba ta yarda wata ta ja mata 'ya ba. Ta ce a fara kai ta ta koyi hanya. Aka kai ta, ta dawo, ta ce ba ta riƙe sosai ba, ta sake komawa ita kaɗai. Kafin ta gamsu la'asar ta yi, kowa ya ƙaura, saura Barmani a tsohon rami, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Za ta fita ɗauko 'yar, Magajiya ta tsayar da ita a gaban jama'a. Ta ce, "Dela, yau ba ranar halinki ba ce. Hadari na tafe. In kika ɗauke ƙaho daga ƙasa kina shafe-shafenki, ke za ki kashe yarinyar nan da kanki. Kin ji ko ba ki ji ba?"

Matan suka kwashe da dariya. Wata ta ce ai sai an ɗaure mata wuya da igiya. Dela ta sunkuyar da kai, kunya ta rufe ta, ta rantse ba za ta waiwaya ba sai a ƙofar sabon gida.

Ta je ta tarar da Barmani a bakin rami tana jira. Ta ɗora mata ƙwayar gero ɗaya a baki, irin da za su ajiye, ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu kada ta yar. Suka kama hanya. Barmani tana da nata salon taɓi tun tana ƙarama: hagu tukuna, sannan dama, a hankali. Dela na tafe tana waƙa.

Barmani, Barmani, autar Dela,
In kina nan taɓa ƙafata,
Hanya da nisa, hadari na tafe.

Sai ta ji hagu, ta ji dama, a hankali. Ranta ya yi sanyi.

Ashe akwai mai kallo. A hanyar akwai wata tafasa da ta tsiro cikin kwari, a kanta kuwa Gizo yake zaune tun hantsi, yunwa na cin sa. Ya san tururuwa sun kwashe rumbunsu kaf, ga gero, ga ƙwai masu maiƙo, amma bai san inda sabuwar ƙofar take ba. Ya wuni yana kallon yadda suke tafiya, har ya gane abin. Ya ce a ransa, ashe mutanen nan duk wanda ya taɓa su daga baya ɗan'uwa ne.

Da Dela da Barmani suka iso ƙarƙashin tafasa, ƙwayar gero ta zame wa yarinya, ta tsaya gyara riƙo. Taɓi ya yanke. Dela ta tsaya cak, ƙahoni a ƙasa, kamar yadda aka ce. Gizo ya sulalo a kan zarensa ba ko motsi, ya rungume Barmani, ya naɗe ta tamau, ya haɗa har baki har gero. Ba ta yi ihu ba, don uwarta ta ce kada ta yar da iri. Ya rataye ta a ƙarƙashin ganyen da ya fi kusa da ƙasa, da ranta, ƙahoninta kaɗai ke waje. Ya ce wannan karin kumallon gobe ce, yau rumbu yake so.

Ya dubi kansa. Shi ƙafa takwas gare shi, tururuwa shida. Sai ya ɗaga biyun gaba ya kai su goshi, ya yi ta kaɗa su kamar ƙaho, ya taka da shida, ya zo bayan Dela ya taɓa ta. Dela ta sauke ajiyar zuciya ta ci gaba da tafiya.

Suka tafi, suka tafi, har suka kai wani tsingaro, fasasshen gefen tukunya da ke kife a kan ɗan tudu. Dela ta yi waƙarta.

Barmani, Barmani, autar Dela,
In kina nan taɓa ƙafata,
Hanya da nisa, hadari na tafe.

Aka taɓa ta, amma hagu da dama lokaci guda. Ta ce wa kanta gajiya ce, yarinya ba ta saba doguwar tafiya ba. Ta ci gaba.

Suka tafi, suka tafi, har suka kai sawun kofaton saniya, suka gangara ciki suka haura. Dela ta yi waƙarta. Aka taɓa ta, taɓin da nauyi, ga kaushi, ga gashi. Ta tsaya, har ta ɗaga ƙaho ɗaya daga ƙasa, sai ta tuna muryar Magajiya da dariyar matan nan. Ta mayar da ƙahon.

Ta ce, "Barmani, yi mini magana, ko kalma ɗaya ce."

Gizo ya yi gum, don ya san da ya buɗe baki tsamin bakinsa zai tona shi. Dela ta ce wa kanta, to da wane bakin za ta yi magana? Ba ni na cika mata shi da gero ba? Ta ci gaba.

Suka tafi, suka tafi, har suka kai gindin tudu. Iskar hadari ta taso daga bayansu, ta kawo mata warin abin da ke binta. Ba ƙanshin gida ba ne, ba na 'yar da ta goya ba ne, warin tsohuwar saƙa ne da ƙurar lungu. Ta fara waƙar, muryar ta ƙi fita. Aka taɓa ta duk da haka. Tana tafe tana hawaye, tana cewa saura kaɗan, a ƙofa zan shafa ta tun daga kai har ƙafa.

Ku ji ni da kyau. A tsingaro da ta waiwaya, da ta tarar da 'yarta ta kwance ta, su kwana a gida. A sawun saniya ma da sauran lokaci. Wasu suna cewa rantsuwa ce ta riƙe ta, wasu suna cewa kunya. Ni dai na ce har da tsoro. Uwar da ta rasa uku ta fi son a yi ta taɓa ta da ƙarya, da ta juya ta laluba ta ji wayam.

Suka iso ƙofa. Masu tsaron ƙofa suna nan, manyan kawunan nan da in sun cije ka sai dai a fizge gangar jiki a bar kai a fata. Aikinsu su laluba duk mai shiga. Suka laluba Dela, suka ce wuce. Suka ɗora ƙahoni a kan na bayanta. Ɗaya ya ce ƙahon nan ba shi da gwiwa irin namu. Ɗaya ya ce kuma da farce a ƙarshensa. Na uku ya yi ƙirga ya ce wannan ai ƙafa ce, takwas gare shi.

A nan Dela ta waiwaya. Ta ɗora ƙahoninta a fuskar da ta biyo ta, ta ji idanu birjik, ta ji gashi, ta ji baki babu gero.

Ta ce, "Ina 'yata?"

Gizo ya zabura zai gudu, ta cafke ƙafarsa da haƙora ta ƙi saki. Ga masu tsaro suna taruwa. Da ya ga abin ba wasa, sai ya ce ta sake shi ya faɗa mata. Ya ce yarinya tana rataye a ganyen tafasa na ƙasa, da ranta, in ta yi sauri za ta riga ruwa. Dela ta saki. Shi kuwa mugu, haushin rumbun da ya rasa ya sa ya kai mata cizo, ya guntule ƙahonta na hagu tun daga tushe. Ya harba zare ya haye reshen aduwa, ya bar su suna cizon iska.

Yayyafi ya fara. Magajiya ta fito ta ce ba mai fita, za a toshe ƙofa da laka kamar yadda aka saba, in ba haka ba ruwa ya cinye gidan gaba ɗaya. Ta ce Dela ta shigo, da safe a je a duba.

Dela ta ce, "Magajiya, na bi maganarki sau ɗaya yau." Ta juya ta gangara tudu da gudu. Aka toshe ƙofa a bayanta.

Kaka, ba wanda ya bi ta?

Ba wanda ya bi ta, Balaraba. Kowa yana da nasa 'ya'yan a ciki.

Ta gangara, ta wuce sawun saniya, ƙanshin hanya da saura. Sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, ya wanke ƙasa tas, ba sawu ba ƙanshi. Ta yi ta lalube da ƙahon dama har ta ci karo da tsingaro. Ta ce alhamdu lillahi, daga nan sai tafasa. Ta miƙe da gudu tana waƙa da iyakar muryarta.

Amma na gaya muku da ƙaho biyu ake miƙewa. Yanzu na dama kaɗai ke magana, ba na hagun da zai ce masa a'a. Duk abin da ta taɓa yana dama, duk abin da ta ji yana dama, ƙafafu kuwa inda ƙaho ya ce nan suke bi. Ita a ranta miƙewa take yi.

Ta yi gudu, ta yi gudu, sai ta ci karo da tsingaro. Ta ce ashe tsingaro biyu ne a hanyar nan, ban lura ba ɗazu. Ta wuce.

Ta yi gudu, ta yi gudu, sai ta ci karo da tsingaro. Ta ce ruwa ne ya kwaso wani ya ajiye. Ta wuce.

Ta yi gudu, ta yi gudu, sai ta ci karo da tsingaro. Wannan karon ta shafa bakinsa, ta ji wata 'yar tsaga da ta shafa ɗazu, da ɗazun ɗazu. Ta gane. Ta gwada karkata hagu da gangan, amma hagun ya zama duhu, ba ƙasa ba sama, in ta jefa ƙafa can sai jiki ya dawo da ita dama. Ta san kewaya take yi, ta kuma kasa tsayawa, don in ta tsaya me za ta yi?

Tsakaninta da tafasa bai wuce tsawon hannun Tanimu ba. Barmani tana rataye tana jin waƙar uwarta ta matso, ta yi nisa, ta matso, ta yi nisa. Bakinta a ɗaure da gero. Duk lokacin da waƙar ta zo inda ake cewa taɓa ƙafata, sai ta motsa ƙahoninta ta taɓa ganye, hagu tukuna, sannan dama, a hankali. Ruwa kuwa yana cika kwari, yana hawa karan tafasa kaɗan-kaɗan.

Da gari ya waye aka buɗe ƙofa, Magajiya ta fito da jama'a. Suka tarar da Dela tana kewaya tsingaro, ta yi wa laka zobe da sawunta, murya ta dishe, baki kaɗai ke motsi. Suka je tafasa. Ganyen ƙasa ya sha laka, ba komai a jikinsa sai guntun zare yana lilo.

Magajiya ta zo ta tsaya a gaban Dela ta tare hanya, ta roƙe ta ta yafe mata, ita ce ta ɗaure ta da rantsuwa. Dela ta ɗora ƙahonta ɗaya a fuskar Magajiya ta shafa, ta shafa, sannan ta sauke.

Ta ce, "Na ji ba hannun Barmani ba ne. Sau uku na ji."

Aka sa ta a baya, wata ta ja ta zuwa gida, tana taɓawa da ƙaho ɗaya. Daga ranar ba ta sake fita ita kaɗai ba, don in ta fita kewaya za ta yi ta yi. Sai ta zauna a bakin ƙofa, duk wanda zai shiga ko zai fita ta tare shi ta shafa fuskarsa, ko Allah zai sa. Bayan kwanaki wani karan gero guda ya tsiro a gindin tafasa, inda ba wanda ya shuka. Masu fita kiwo suka gani, suka haɗa baki ba su gaya mata ba.

Dela ta mutu a bakin ƙofar nan kafin kaka. Amma abin da take yi bai mutu ba. Gobe da safe ku duƙa ku kalli layin tururuwa. Duk biyun da suka haɗu sai sun tsaya sun haɗa goshi, sun shafa juna da ƙaho, sannan kowa ya wuce. Fuskar juna suke dubawa, kuma suna tambaya ko an ga Barmani. Har yau ba wadda ta ce ta gani.

Kaka, shi Gizon fa?

Kai dai bari, maigida. Ko zazzaɓi bai yi ba. Ya kwana da yunwa dare ɗaya, shi ke nan hukuncinsa. Dabarar ma daɗi ta yi masa, har ya koya wa jikokinsa. In kun lura za ku ga wani siririn gizo yana yawo a gefen tururuwa, ya ɗaga ƙafa biyu a goshi yana kaɗawa, kamar mutumin kirki. In kun gan shi ku gaishe shi da takalmi, ku ce ni na aiko ku.

To, abin da zan gaya muku ke nan. Ba kowane hannu da ya dafa ka daga baya ne na ɗan'uwa ba. In kana tafe da naka, zuciyarka ta ce waiwaya, ka waiwaya, ko da duk gari za su yi maka dariya. Dariya kwana biyu take yi ta wuce. Da-na-sani kuwa ƙeya ce, tana bayanka har ka mutu.

Share hawayenki, Balaraba, na ce miki babu dariya. Ku zo ɗaya-ɗaya in shafa fuskokinku kafin ku shiga ɗaki, idona ba ya gani a duhun nan. Wannan Tanimu ne, na ji maiƙon miya. Wannan Balaraba ce. Kun cika.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Kullum nakan ce ba don Gizo ba da na yi muku ƙarya. Yau kam, da ma a ce ƙaryar na yi.